Kaji goma: zakara ɗaya ko uku?

A gidan gwaggona da ke Tudun Wada a Gombe, kaji goma ne da zakaru uku. A namu gidan kuwa, kaji goma, zakara ɗaya tal. Duk kajin gida ne, dusa da tsakin gero muke watsa musu.

Hujjar Gwaggo ita ce, in zakaru sun yi yawa, ƙwai ba zai yi baragurbi ba. Amma leƙa akurkinta da safe ka gani. Gashin bayan kajin ya tuje saboda yawan barbara, wata har da jini inda farcen zakara ya karce ta. Su kuma zakarun ba su da aiki sai faɗa, ƙaramin cikinsu ko ruwa ba ya sha sai ya faki idon manyan. Kazar da ake kora dare da rana ba ta samun sukunin ci, ƙwanta sai ya ragu. Wallahi tausayi suke ba ni.

Lafiyayyen zakara ɗaya yana iya wa kaji 8 zuwa 12. Barbara ɗaya ma takan wadatar da ƙwan kaza har kusan mako biyu. Tawa ta kwanta kan ƙwai 12, bayan kwana 21 ta fito da 'yan tsaki 10.

Raunin tsarina guda ne: in ciwon kaji na lokacin hunturu ya ɗauke zakaran nawa, na tashi a tutar babu. Shi ya sa nake ajiye wani matashin zakara a keji daban.

Mai neman ƙwan ci kawai kuwa, ko zakara ɗayan ba ya buƙata.