Cajar batir mai sarrafa kanta: sharhi ga masu ajiye babur a Legas

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, sannan ta ƙara wasu huɗu a Satumba, babura da yawa sun koma zaman gida. Wani ma mai shi ya tafi Arewa noma, sai bayan wata uku ya dawo. Batir kuwa ba ya son zama. Wannan ƙaramar cajar ta 12V mai ba da wuta 0.8A, wadda ake barinta a jone, don irin wannan babur aka yi ta, kuma bayan an yi watanni ana amfani da ita, ta cancanci kuɗinta.

Batirin ƙaramin babur irin Bajaj Boxer ko Haojue yawanci tsakanin 5Ah ne zuwa 7Ah. Ƙa'ida ita ce a ba shi kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato 0.5A zuwa 0.7A. Shi ya sa cajar mota mai 6A ko 10A take dafa shi, ruwan ya ƙafe, gefensa ya kumbura. Ita wannan tana tura wuta har batir ya kai wajen 14.4V, ta tsaya a nan tana rage ƙarfi, in ya cika ta sauko kusan 13.5V ta riƙe shi. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna 12.6V zuwa 12.8V a mitar auna batir. Da zarar ya daɗe a ƙasa da 12.4V, farin gishiri yakan fara daskarewa a jikin farantan dalma na ciki, kuma shi ne ke kashe batir. Zafin Legas yana hanzarta zubewar caji, in kuma akwai tiraka (na'urar bin sawun babur) ko ƙararrawar ɓarayi a jikin babur, suna shan wuta ko da makulli yana aljihu.

Haɗawa ba wuya. A kashe babur, a goge kawunan batir da burushin waya, don iskar teku da damshi suna sa musu farin gari, musamman a Ajegunle da Apapa. Jan waya a kan alamar +, baƙar a kan alamar −, sannan a jona a soket. Wajen cirewa a fara da soket. Batir mai murafe a duba ruwansa tukuna, a ƙara ruwan batir tatacce zuwa layin sama, ban da asid, ban da ruwan famfo. Wanda aka rufe ruf kada a ɓalle shi. Caji yana fitar da iska mai kama wuta, saboda haka kada a yi shi a ɗakin kwana ko kusa da risho.

Abin da ya fi muhimmanci a garin nan shi ne halinta idan an ɗauke wuta. Wannan tana ci gaba da kanta da zarar wuta ta dawo. Akwai wasu da ke komawa jira sai an danna maɓalli, mutum ya dawo daga tafiya ya tarar ba ta yi komai ba. A gwada wannan a shago kafin a biya, ko a kasuwar Alaba ko ta Ladipo: a jona, a zare, a mayar, a ga ko fitilar caji ta dawo.

Aibunta biyu. Ƙugiyoyinta sun yi wa ƙananan kawunan batirin babur girma, suna zamewa. Gara a ɗaura wayar zobe mai fiyus da ke zuwa a kwalin, a bar bakinta ƙarƙashin sit. Na biyu, batirin da ya mutu sarai ba ta ganinsa, fitilar ja kawai za ta riƙa ƙiftawa. Batirin lithium kuma cajarsa daban ce.

Idan batir yana cika amma ya sauka bayan kwana biyu ana hawa, a auna shi babur yana aiki an ɗan ja totur. In bai kai 13.5V ba, a kai wa bakanike ya duba rektifaya da koyil.