Hattara da masu tallar "ƙwayar wata guda" ta tafkin wanka

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai gidan gona ko gidan hutu da ke da tafkin wanka, irin gidajen da ke bayan gari wajen Kuje, hanyar Keffi ko hanyar Zariya, waɗanda sai Juma'a ko Asabar ake leƙa su. Akwai masu yawo a WhatsApp da Facebook suna tallar wata ƙwaya da wani farin gari, wai idan ka jefa ɗaya a ruwa ka huta har wata guda, ba aune-aune, ba kunna injin tace ruwa. Ku suke nema musamman, don sun san ba kwa nan daga Litinin zuwa Alhamis.

Salonsu ɗaya ne. Mutum zai zo da bokiti, ya ɗebi ruwa mai dauɗa, ya barbaɗa garinsa, ya juya da sanda. Kafin ku gama gaisawa dattin ya kwanta a ƙasa, ruwan ya yi garau. "Ka gani, Alhaji? Wannan daga waje ake kawo shi." Alif ne, wanda iyayenmu mata ke sa wa ruwan rijiya ya kwanta. Alif yana tattara laka, amma ba ya maye gurbin kulorin wajen kashe ƙwayoyin cuta. Wasu kan haɗa da wani shuɗin sinadari na jan ƙarfe, wanda yake hana gansakuka tsirowa ya kuma ba ruwa launi mai ɗaukar ido, sannan su ɗiga bilicin wanki don hanci ya ji wari. Sai a zuba a tsohuwar robar kamfanin da aka sani, a liƙa farashi mai tsada.

A yi lissafi, shi ne abin da ba sa so. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, yana cin lita 48,000. Ƙwayar kulorin ta gaskiya, babbar nan mai giram 200, kusan kashi 90 cikin 100 nata kulorin ne, wato giram 180. Ko ta narke gaba ɗaya a lokaci guda, abin da za ta bayar bai kai miligiram 4 a kowace lita ba. Ruwan wanka kuwa ana so kullum ya tsaya tsakanin 1 da 3, kuma rana tana cinye kulorin ba tsayawa, ga ƙurar hunturu, ga ganyen darbejiya, ga kashin tsuntsu. A zafin Maris da Afrilu, abin da ƙwaya ɗaya ta ƙunsa 'yan kwanaki ne. To ta gaskiyar ke nan. Ina ga wadda aka dunƙula a bayan shago?

Akwai kuma masu zuwa da kwangila: a biya wata uku gaba ɗaya, su ne za su riƙa kula da ruwan. Ba sa taka gidan sai yammacin Alhamis, su antaya gari da yawa, su ba maigadi na goro ya ce kullum suna zuwa. Ranar Asabar ruwa na sheƙi, yara su faɗa ciki, ranar Litinin wannan na kukan kunne, wancan ido ya yi ja, wani na gudawa, a ɗora wa abincin da aka ci. Idan ka yi ƙorafi sai su ce ai ga wari nan, shaidar magani ya ji. Ƙarya ce. Warin nan mai hawa kai yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari ya gama aikinsa, alama ce ta ruwan na buƙatar gyara. Tafkin da ke daidai warinsa kaɗan ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne garin da ba a san mene ne ba. Garin kulorin na duro da ƙwayar nan mai narkewa a hankali iri biyu ne daban, kuma idan suka haɗu a mazubi ɗaya da ɗan danshi suna iya kama wuta ko su fashe. Idan kulorin ya haɗu da asid kuma, hayaƙi mai guba yake tashi. Maigadi ne ko ɗan aikin gida zai sunkuya a kan robar, ba mai tallar ba.

Hanyar kare kai daga gare su mai arha ce: ka mallaki na'urar gwaji taka ta kanka. Akwai mai 'yar ƙwaya da ake kira DPD, ka ɗebi ruwan tafki a kwalbarta, ka jefa, idan da kulorin ruwan zai koma ruwan hoda, ka gwada da jadawalin launi da ke jiki. Ɗaya gefen na'urar yana auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake so tsakanin 7.2 da 7.8, domin idan ya haura, kulorin ɗin ma ƙarfinsa raguwa yake. Ka koya wa maigadi, ya riƙa aunawa ranar Talata ko Laraba ya turo maka hoton kwalbar, ba hoton tafkin ba. Ka sa ƙwayoyin gaskiya a robar da aka yi domin su, wadda ke yawo a kan ruwa, injin kuma ya samu sa'o'insa kullum, ko da sola ne.

Duk wanda ya kawo maka kaya, ka ce za ka biya washegari bayan an auna ruwan a gabansa. Wanda na yi wa haka cewa ya yi zai je ya ɗauko rasit a mota, har yau wayarsa a kashe take. Idan an riga an cuce ka, ka ajiye robar da shaidar tura kuɗin, ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, sannan ka sanar da maƙwabtan gonarka, don yawanci layi guda suke bi gida-gida.