Fentin Salansa: Na Inji ko Mai Siramik?

Ɗan'uwa, ka tambayi wane fenti ne zai zauna a salansar babur. Cikin gwangwanaye biyun da ka ɗora hotonsu, ɗauki mai siramik ɗin nan da aka rubuta wa 1093°C, ka ƙyale fentin injin. Duka biyun sun hau salansar babur ɗina, ba labarin ji-ta-ji-ta zan ba ka ba.

Na injin yana da sheƙi, ranar farko ya fi kyau a ido, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Irinsu zafin digiri 260 zuwa 290 a ma'aunin C suke ɗauka, daidai jikin inji da murfinsa. Wuyan salansa kuwa, wurin da ta fito daga kan silinda, yakan haura 500 in ka ja doguwar tafiya. Nawa ko mako bai cika ba ya kumbura, ya fara zubowa kamar saɓar maciji.

Wanda ya fitar da ni kunya shi ne mai siramik ɗin, mai suna VHT FlameProof. Lokacin tsatsa ta ci salansar har in na je wuri sai in juya ɓangarenta ya kalli bango. Na kwance ta, na rataye da waya, na wuni ina dirza da sanfefa sai da farin ƙarfe ya fito, sannan na goge da tina. Nan na yi kuskure ɗaya: na kama ta da hannu bayan gogewar. Ka san wani abu? Duk salansar, wurin da babban yatsana ya taɓa ne kaɗai ya ɓare daga baya, shatinsa ras. Maiƙon hannu ma ya isa ya hana fentin kamawa, balle baƙin mai.

Na fesa shi sama-sama har sau uku, ina barin kamar minti 10 tsakani. Kada ka labta da kauri don ka ga ya rufe da wuri, mai kauri shi ke fara tsagewa. Sai gasa fentin, wanda a nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu. Wannan fentin ko ya bushe bai nuna ba sai zafi ya ratsa shi, domin zafin ne ke ƙarfafa sinadarin silikon da siramik da ke cikinsa. Kafin nan farce ma kankare shi yake yi, fetur kuma in ya ɗiga a kai ya tafi da shi. Ƙa'idar kamfanin idan salansar na jikin babur ita ce: ka tayar ya yi minti 10 a silo, wato yana aiki a tsaye, ka kashe ya huce minti 20, ka sake tayarwa minti 20, ya sake hucewa minti 20, sannan ka hau ka yi tafiyar minti 30 yadda ka saba. Ni fanka na kafa wa injin a zagaye na biyu, tunda iska ce ke sanyaya shi. Hayaƙi da wari za su tashi sosai, a waje za ka yi. Maƙwabcina har da ɗauko bokitin ruwa, ya zaci wuta ce ta kama.

Damina uku ke nan. Wuyan ya ɗan koɗe ya yi toka-toka, tsakuwar da tayar gaba ke watsowa ta ɗan tsattsaga ƙasan, amma bai ɓare ba. Sai dai ka sani ba ya sheƙi. Kuma idan salansarka mai kurom ce, sai an kankare santsin nan tas, in ba haka ba babu fentin da zai zauna. Kada ka bari a sa maka faramar mota ta yau da kullum, wato fentin da ake fara shafawa a ƙarƙashi, ita za ta ƙone ta ɗago na saman.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da 'yan kasuwa. Wani zai nuna maka lamba 600 ɓaro-ɓaro a jikin gwangwani ya ce ai wannan ko wutar maƙera. Duba harafin da ke gefen lambar. In F ne, 600 ɗin digiri 315 ne kawai a ma'aunin C, 1200°F kuma kusan 650 ne. Wasu ma baƙin fenti ne na banza suke manna wa takarda mai hoton harshen wuta. Juya bayan gwangwanin, in babu bayanin yadda ake gasawa, ajiye masa kayansa.

Gwangwani ɗaya ya ishe ni ƙaramin babur har da saura. Sayi mai siramik ɗin, ka haɗo da sanfefa da safar hannu.