Kalkuletar Ɗalibin Sakandare: Wacce Ta Dace da Lissafin Kwadiratik?

Da zarar ɗalibi ya shiga darasin kwadiratik, wato ax² + bx + c = 0, sai ya fara neman a saya masa "mai warwarewa da kanta". Kafin a fitar da kuɗi, a san abin da kowace kalkuleta ke iyawa. Ga uku daga kamfanin Casio da ake samu a shagunan littattafai.

Ƙaramarsu ita ce fx-82MS, mai layi biyu a fuska. Ba ta warware kwadiratik, amma tana yin aikin da mai neman fakta (wato mayar da lissafin ninkin baka biyu) ya fi buƙata: gwada b² − 4ac. Ɗauki 6x² + 7x − 3 = 0. Gwajin ya ba da 49 + 72 = 121, wato 11 sau 11, don haka fakta za ta fito. A ninka a da c, a samu −18, a nemi lambobi biyu da ninkinsu −18 ne, jimlarsu 7: su ne 9 da −2. Sai a raba 7x: 6x² + 9x − 2x − 3, a tara biyu-biyu, a samu (3x − 1)(2x + 3). Amsa: 1/3 da −3/2. Da gwajin ya ba da 17 ko 20, neman fakta ɓata lokaci ne, sai a koma ga fomular warware kwadiratik.

Akwai tarko a nan. In b ya zama −7 aka danna −7² ba tare da baka ba, na'urar za ta ba da −49 maimakon 49. A 2x² − 7x + 3, wannan kuskure na mayar da 25 ya koma −73, sikwaya rut ɗinsa kuma ya fito Math ERROR. A rubuta (−7)².

Babbarsu fx-991ES Plus ce, mai batirin LR44 da kuma farantin hasken rana. Ana danna MODE, 5, 3, a shigar da a, b da c, amsoshi biyu su fito. Tana da amfani wajen duba aikin da aka gama da hannu. Sai dai amsa take bayarwa, ba fakta ba. Wanda ya ga 1/3 da −3/2 ya rubuta (x − 1/3)(x + 3/2) ya yar da 6 ɗin farko. Haka in tambayar ta zo a x² = 5x − 6 aka shigar da lambobin kafin a dawo da komai gefe ɗaya, amsa mai kyan gani za ta fito, amma ta wata tambayar ce daban.

Tsakaninsu akwai fx-991MS: tana warwarewa, amma fuskarta irin ta da ce, layi biyu, ba ta jera lissafi yadda yake a littafi.

Ga ɗan aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare, fx-82MS ta wadatar, ta kuma fi araha. A takardar da ake nuna aiki a WAEC da NECO, matakai ma suna da makinsu, JAMB kuwa ba a shiga da kalkuleta, akwai tata a kan kwamfuta. Mai shirin karanta injiniyanci shi ne zai mori fx-991ES Plus har jami'a. Jabu sun yi yawa, don haka a gwada misalin 6, 7, −3 a gaban mai shago kafin a biya.