Gargaɗi ga masu shirin kai iyali Yankari: ana cin kuɗin mutane da sunan yawon daji

Da zarar hutun makaranta ko Sallah ya gabato, sai tallan "yawon iyali zuwa Yankari" ya cika Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp. Akwai masu shirya irin wannan tafiya tsakani da Allah, kuma ba su muke nufi ba. Waɗanda muke jan hankali a kansu su ne 'yan damfarar da suka ɓuya a bayansu, suna karɓar kafin alƙalami a hannun magidanta su yi layar zana, ko su kwashi mata da yara su kai su ƙofar daji su bar su da jangwam.

Tallan nasu kusan iri ɗaya ne. Kuɗi guda dunƙule, wai ya haɗa mota, masauki, abinci, kuɗin shiga da "tattaki cikin daji tare da yara". Kana yin magana za a ce maka saura kujera uku, ka tura rabin kuɗin yau kafin wani ya riga ka. Asusun da za a ba ka na mutum ɗaya ne, sau da yawa sunan da ke kansa ma bai yi kama da sunan shafin ba. Idan ka tura, sai a aiko maka da rasiti a waya mai ɗauke da tambarin da aka kwafo daga intanet, a saka ka a wani zauren WhatsApp da masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu. Rufe zauren da gangan ne, domin kada waɗanda suka biya su yi magana da juna su gane cewa kujera ɗaya aka sayar wa mutum goma. Ana gobe tafiya sai a ce mota ta samu matsala an ɗaga zuwa mako mai zuwa, ko a ce an ƙara kuɗin izinin shiga, kowa ya ciko. Wanda ya ciko an ci shi sau biyu. Daga nan waya a kashe, shafi ya canza suna.

Kashi na biyu sun fi wahalar ganewa, don da gaske suna zuwa da mota. Sai an isa ƙofar Mainamaji, babbar ƙofar shiga Yankari, ake gane ba a biya komai ba. A Yankari kuɗin shiga daban ne, na ɗaki daban, na motar zagaya daji daban. Mai shirya tafiyar kuɗin mai kawai ya kashe, sauran ya soke a aljihu. Magidanci ga shi da mata da yara sun sha hanya, ba zai iya cewa a juya ba, dole ya sake biya. Da wannan kunyar suke cin kasuwarsu.

Wanda ya san wurin ba ya faɗawa hannunsu, don tallan da kansa yana tona musu asiri. Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma tun 2006 yana hannun gwamnatin jihar. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karya a Dindima, a isa ƙofa, sannan a ƙara tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, inda masaukin baƙi da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi suke. Daga garin Bauchi zuwa Wikki ya haura kilomita 100, kusan awa biyu a mota. Daga Kano zuwa Bauchi kuma kusan kilomita 300 ne. To wanda ya ce zai ɗauke ku daga Kano da safe, ku zaga daji, ku yi wanka a Wikki, ku yi tattaki, ku dawo gida kafin magariba, ko bai taɓa zuwa ba ko kuma ba shi da niyyar kai ku.

A dubi hotunan da kyau. Yankari akwai giwa, ɓauna, gwanki, gwambaza, mugun dawa, dorina da gwaggon biri. Idan ka ga raƙumin dawa da jakin dawa suna kiwo an rubuta Yankari a ƙasa, hoton na wani wuri ne, galibi Kenya ko Tanzaniya. A jihar Bauchi a gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa ake ganin waɗannan dabbobi. Haka kuma wanda ya yi maka alkawarin lallai za ku ga zaki ko garken giwaye, ƙarya yake. Dabbar daji ba ta da alkawari da kowa. An fi dacewa da su da rani, lokacin da ciyawa ta bushe suke gangarowa kogin Gaji shan ruwa, da damina kuwa daji ya rufe.

Batun tattakin nan shi ya fi damunmu, domin a nan ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Yankari ba wurin da ake sakin iyali su shiga da ƙafa yadda suka ga dama ba ne. A mota ake zagayawa tare da jagoran wurin, kuma inda ake sauka a taka, kamar kogwannin dutse na Marshall, da rakiyar ma'aikaci ake zuwa. Akwai masu tare baƙi a hanya su ce za su bi da su ta wata ɓarauniyar hanya ta bayan ƙauye ba sai sun biya kuɗin ƙofa ba. Kada a yarda ko da kyauta ne. Giwa mai ɗa da ɓauna ba sa ba da lokacin gudu, ƙaramin yaro kuma ba ya iya yin shiru ko tsayawa cak idan aka ce a tsaya. Sannan masu gadin daji suna sintiri saboda mafarauta, duk wanda suka samu ciki ba da izini ba mai laifi ne a wurinsu, shi kuwa wanda ya shigo da ku ya san inda zai sulale.

Irin wannan ƙarya ake yi da sunan Gashaka-Gumti, gandun da ya ratsa Taraba da Adamawa. Ana tallata hawan Chappal Waddi a matsayin yawon iyali na yini guda. Dutsen nan shi ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, kuma tafiyar kwanaki ce a ƙafa da jagora da masu ɗaukar kaya. Ba na yara ba ne. Ofishin gandun yana Serti, can ake neman izini da jagora.

Kafin ka tura ko naira ɗaya, ka nemi lambar hukumar wurin da kanka, ba wadda mai tallan ya ba ka ba, domin wadda zai ba ka abokin cin mushensa ne zai ɗauka. In kana da ɗan'uwa a Bauchi ya je ya tambaya baki da baki. Ka tambaya ko an kama ɗaki da sunanka a ranar da aka ce, da kuma nawa ne kuɗin shiga na babba da na yaro a yanzu. Ka sa mai shirya tafiyar ya rubuta maka farashi dalla-dalla, na mota, na ƙofa, na ɗaki, na zagaye, na abinci. Mai gaskiya zai rubuta cikin minti biyar, ɗan damfara zai ce ai duk yana ciki. Ka bincika sunan kamfanin a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ka tabbatar sunan asusun ya yi daidai da shi. A Facebook akwai wurin da ke nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa amfani da su. Shafin da watan jiya yake sayar da atamfa, yau ya koma kamfanin yawon buɗe ido, ka bar shi. Hotunan kuma ka saka su a Google Lens, zai nuna maka inda aka ɗauko su. Ka nemi ganin ofis, motar da direbanta, kuma kada ka cika kuɗi sai kun shiga mota.

Akwai tambayoyin da ke saurin kama maƙaryaci. Tambaye shi me za a yi da abincin yara a Wikki. Wanda ya san wurin zai ce maka a rufe ƙofa da taga, kada yaro ya riƙe leda ko biskit a fili, domin birai suna fizgewa daga hannu har su yi rauni. Tambaye shi wane kaya za a sa. Zai ce masu dogon hannu, masu haske, a guji baƙi da shuɗi saboda suna jawo ƙudan tsando, a sa takalmi rufaffe. Tambaye shi ruwan Wikki. Zai ce ɗuminsa yana wajen digiri 31 rani da damina, kuma wajen gindin dutsen da ruwan ke fitowa ya fi ƙarfin yaro, sai babba na riƙe da shi. Wanda ya amsa duka da "ba matsala, Alhaji" bai san komai ba.

Idan an riga an karɓi kuɗinka, kada ka tsaya lallashin mutumin ko jiran "gobe". Kira bankinka a take ka shaida musu damfara ce, ka ba su lambar shaidar turawar da ke jikin rasitin, su nemi bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe asusun, domin irin wannan kuɗi ba ya kwana, nan da nan ake kwashe shi. Ɗauki hoton hirarku, tallan, lambar wayar da sunan asusun kafin a goge. Kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC da waɗannan shaidu, kuma in banki ya yi shiru har mako biyu, ka rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Duk wanda ya kira ka daga baya ya ce zai kwato maka kuɗin idan ka ba shi wani abu, ko ya nemi lambar sirrin katinka, daga cikinsu yake.