Gidan kula da tsofaffi a Jidda: yadda suke cika wa mazauna yini

Wata takwas ke nan da gwaggona ta koma wani gidan kula da tsofaffi a Jidda, kuma da yardarta ta koma, domin dokar haƙƙin tsofaffi da Saudiyya ta kafa a shekarar 2022 ta hana a ajiye tsoho a irin wannan gida ba da son ransa ba. Duk Juma'a nakan taso daga Makka in gaishe ta. Tsafta da abinci da ba da magani a kan kari ba su da abin kushewa, saboda haka zan tsaya ne kan ayyukan da ake shirya wa mazauna.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman karatun Alƙur'ani bayan la'asar. Da malamar ta lura cewa Gwaggo da ruwayar Warshu take karatu, wadda iyayenta suka zo da ita daga ƙasar Hausa, alhali sauran matan Hafsu suka sani, sai ta riƙa ba ta dama ta karanta musu su ji bambancin. Matar da a makonnin farko ba ta son tashi daga gado, yanzu tun azahar take neman mayafinta, domin ta san ana jiranta. Haka kuma ranar Talata ana shigar da ita kicin ta haɗa yajin tsire da ƙuliƙuli, abincin da mutanen Hijaz, wato yankin Makka, Madina da Jidda, suka daɗe da karɓa daga hannun Hausawa, kuma ita ke faɗin ko barkono ya isa. Sau biyu an kai mazauna gidan Umra a keken turawa.

Akwai gyara. Zanen fenti da ake ba su da safe ya fi dacewa da yara, kuma na ga dattawa suna ture takardun. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne babu ma'aikaciya ko ɗaya mai jin Hausa, ga shi tun da mantuwa ta fara kama Gwaggo, Larabcinta yana raguwa, harshen uwa yana dawowa. Na roƙi shugabar gidan ta bar matan unguwarmu su riƙa zuwa hira sau ɗaya a mako, ta ce za ta duba.

Wanda zai kai nasa, ya je da la'asar ya ga zaman da idonsa kafin ya sa hannu.