Wace Manhaja Za Ka Zaɓa Don Jerin Fourier na Sain da Kosain?

Kafin ka biya kuɗin lasisi, ka san abin da kake nema: tsarin lissafi mai ɗauke da n kake so, wato bn da an (lambobin da ke ninka sain da kosain a jerin Fourier, wanda ke rubuta fankshan a matsayin jimillar sain ko kosain) a rubuce yadda malami zai so gani a takarda, ko kuwa lambobi kawai da za ka zana giraf da su? Manhajojin lissafi ba aiki ɗaya suka ƙware a kai ba, kuma mutane da yawa a nan suke asarar kuɗinsu.

Ga gwajin da zan ba kowa shawara ya yi. Ɗauki f(x) = x daga 0 zuwa π. Jerin sain ya kamata ya ba ka bn = 2(−1)^(n+1)/n. Na kosain kuma yana farawa da π/2, sannan lambar an ta zama −4/(πn²) idan n mara ce, sifili idan cika ce. Manhajar da ta fito maka da wannan a tsabtace, ba tare da ta bar maka sin(nπ) yana yawo cikin amsa ba, ta ci jarrabawar farko.

Mathematica, wadda Wolfram Research ta fitar a 1988, ita ce ta fi sauƙaƙa wannan aikin. Tana da umarni na musamman, FourierSinSeries da FourierCosSeries, da kuma FourierSinCoefficient idan bn kaɗai kake so. Layi ɗaya, an gama. Sai dai a kula, idan ba ka faɗa mata komai ba, tazarar 0 zuwa π take ɗauka. Wanda aikinsa ya shafi sanda mai tsawon L, irin matsalar yaɗuwar zafi da Joseph Fourier ya gabatar a Faris a 1807, dole ya gyara FourierParameters ko ya sauya ma'aunin x da kansa. Tsadarta ita ce babbar matsala, don haka ɗalibi ya fara tambaya ko jami'arsa na da lasisin da ya haɗa da shi.

Maple ma na kuɗi ce. A cikinta an fi rubuta intigiral ɗin da hannu, a ƙara da cewa n::posint, wato n cikakkiyar lamba ce da ta fi sifili. Ni ina ganin hakan ya fi amfanar mai koyo, domin yana ganin 2/L da ake ninka intigiral ɗin da shi da idonsa, ba a ɓoye masa ba.

MATLAB fa? Gwana ce wajen lambobi. Idan bayanan awo gare ka daga na'ura, umarnin fft, mai lissafa Fourier daga lambobi, ya ishe ka. Amma tsarin lissafi mai n sai da Symbolic Math Toolbox, wanda ƙari ne a kan ainihin manhajar. Sayen MATLAB don jerin sain da kosain kaɗai kamar sayen babbar mota ne don ɗaukar buhu guda.

Na kyauta su ne suka fi cancanta a tsaya a kansu. Maxima, jikar manhajar Macsyma da aka fara a jami'ar MIT a 1968, tana da kunshin fourie mai ɗauke da foursin da fourcos. Fuskarta ta tsufa, kuma tana iya tsayar da kai da tambaya ko wata lamba ta fi sifili, amma amsarta tana fitowa. SymPy kuwa, ga wanda ya saba da Python, tana da fourier_series, sai dai cikakken jeri take bayarwa. Idan na kosain kake so daga x, sai ka miƙa mata Abs(x) daga −π zuwa π. Idan na sain ne, x ɗin kanta. Wani lokaci tana jan ƙafa a kan fankshan mai gaɓa-gaɓa. A duka biyun, ka sanar tun farko cewa n cikakkiyar lamba ce, in ba haka ba cos(nπ) ba zai koma (−1)^n ba.

Akwai tarko ɗaya da kuɗi ba ya tsare ka daga gare shi. Nemi jerin kosain na sin x daga 0 zuwa π. Amsar gama-gari tana da 1 − n² a ƙasa, wanda ke zama sifili idan n ta zama 1. Manhaja na iya miƙo maka tsarin ba tare da gargaɗi ba, alhali a1 sai an lissafa ta daban, kuma sifili ce. Haka nan idan ka zana jerin sain na x ka ga tsini kusa da π da ya ƙi ɓacewa ko ka ƙara gaɓoɓi ɗari, kada ka zargi manhajar. Abin da ake kira al'amarin Gibbs ke nan, wuce gona da kusan kashi 9 cikin ɗari na girman tsallen da giraf ɗin ke yi a π.

Ɗalibin da ke kwas ɗaya ya sauke Maxima ko SymPy, ya riƙe kuɗinsa. Mai bincike da zai riƙa sauya tazara da fankshan kullum, shi ne Mathematica za ta rage wa wahala har ta biya kanta.